Wane Rufin Polima Mai Amsa Zafi Ya Dace da Aikinka? Kwatancin PNIPAM, POEGMA, PVCL da Sauransu

Duk wanda ya yi niyyar lulluɓe gilashi ko roba ko ƙarfe da polima mai sauya hali idan zafi ya sauya, tambayar da yakan fara yi ita ce: a digiri nawa take juyawa? Tambayar tana kan hanya, sai dai ita kaɗai ba za ta kai mutum ga zaɓi mai kyau ba, domin akwai aƙalla nau'o'in polima huɗu da ake iya sa su juya a kusa da digiri 32 na ma'aunin Selsiyus, alhali kuwa a wurin aiki ba ɗaya suke ba. Abin da ya raba su shi ne yadda juyin yake faruwa: ko farat ɗaya ne ko a hankali, ko polimar tana komawa yadda take da zarar an sanyaya ta ko tana jinkiri, da irin abin da gishiri da furotin suke yi mata, da kuma abin da yake samunta bayan an ɗaure ta a jikin wani abu mai tauri, inda ba ta da sararin da take da shi a cikin ruwa. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi yin sakaci da shi, kuma a ganina shi ne ya fi lalata ayyuka.

Polima doguwar sarƙa ce da aka ƙulla daga ƙananan molekul masu maimaita juna. A irin waɗanda muke magana a kansu, kowace gaɓa ta sarƙar tana ɗauke da ɓangare mai son ruwa da ɓangare mai gudun ruwa. Idan ruwan yana da sanyi, molekul ɗinsa suna kama ɓangaren mai son ruwa da wani ɗauri mai rauni da ake kira ɗaurin haidirojin, sannan su jeru cikin tsari a kewayen ɓangaren mai gudun ruwa, sarƙar ta miƙe ta kumbura. Wannan jeruwa tana tauye wa ruwan walwala, kuma gwargwadon yadda zafi yake ƙaruwa haka tauyewar take ƙara tsada, har a kai matakin da ribar ɗaurin haidirojin ba ta iya biyanta. A nan ne ruwan yake sakin sarƙar, ita kuwa ta dunƙule ta manne da 'yan'uwanta. Idan a cikin kwalba ne, ruwan da yake garau sai ya yi fari. Idan a kan bango ne, rufin sai ya tsuke ya yi siriri. Mafi ƙanƙantar zafin da wannan rabuwa take faruwa a kansa shi ne masana suke taƙaitawa da LCST. Akwai kuma kishiyarsa, wato UCST, inda polimar take dunƙule a sanyi ta narke a zafi. Kafin komai, dole a san cewa wannan hali na polima da ruwa ne a haɗe. Busasshen rufin PNIPAM, ɗaya daga cikin irin waɗannan polima, abu ne mai tauri wanda ba ya laushi sai zafi ya haura digiri 130, saboda haka wanda aikinsa na busasshen wuri ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi masa amfani.

PNIPAM ita ce wadda aka fi sani, kuma da ita ake auna sauran. Heskins da Guillet na Jami'ar Toronto da ke Kanada ne suka yi cikakken bayanin halinta a cikin ruwa a 1968, inda suka nuna tana rabuwa da ruwa a wajen digiri 32. Wannan adadi ya faɗa tsakanin zafin ɗaki da zafin jikin ɗan Adam, wato digiri 37, shi ya sa masu binciken lafiya suka rungume ta. Tana da wata falala kuma da ba kowace polima take da ita ba: matakin juyinta ba ya gusawa sosai ko an ƙara tsawon sarƙa ko an sauya yawanta a cikin ruwa. Ma'anar wannan ga mai aiki ita ce, idan haɗin yau ya ɗan bambanta da na jiya, sakamakon ba zai yi nisa da juna ba. Ana kuma iya matsar da matakin ta hanyar cusa wasu gaɓoɓi a cikin sarƙar. Mai son ruwa irin su akirilamaid yana ɗaga shi, mai gudun ruwa irin su butil metakirilet yana sauke shi.

Babbar shaidar da PNIPAM take da ita ta fito ne daga Japan. A 1990 Teruo Okano da abokan aikinsa, waɗanda daga baya cibiyarsu ta Jami'ar Likitanci ta Mata da ke Tokyo ta shahara da wannan fanni, suka nuna cewa idan aka dasa PNIPAM a kan farantin robar da ake rainon ƙwayoyin sel, ƙwayoyin suna manne su hayayyafa a digiri 37, idan kuma aka sauke zafin zuwa ƙasa da matakin juyinta sai su saki farantin da kansu. Kafin nan sai an zuba sinadarin tirifsin, wanda yake yanke furotin ɗin da ya haɗa sel da sel, ya wargaza su ɗaya-ɗaya. Da sabuwar hanyar kuwa, sel suna tashi a matsayin shimfiɗa guda, da mahaɗansu da furotin ɗin da suka shimfiɗa a ƙarƙashinsu. A 2004 Kohji Nishida da tawagarsa suka ba da rahoton gyara fatar baƙin ido ta marasa lafiya huɗu da irin wannan shimfiɗa, wadda aka raina daga sel na cikin bakinsu. Ana sayar da farantan a yau da sunan UpCell. Babu wata polima mai amsa zafi da ta tara tarihin amfani irin wannan, kuma mai zaɓe bai kamata ya raina darajar abin da aka daɗe ana gwadawa ba.

Amma tana da aibobi, kuma na farkonsu jinkirin dawowa ne. Idan sarƙar PNIPAM ta dunƙule, ɓangarorinta na amaid, wato ɓangarorin nan masu son ruwa, suna ɗaure juna da ɗaurin haidirojin, tun da kowace gaɓa tana da mai bayar da haidirojin da mai karɓarsa. Da aka zo sanyaya ta, sai an fara kwance waɗannan ɗaure-ɗauren kafin ruwa ya sami shiga, saboda haka zafin da take kumbura a kansa yakan yi ƙasa da wanda ta tsuke a kansa, kuma bambancin yana ƙaruwa idan ta daɗe a dunƙule. Ga mai rainon sel da zai sanyaya faranti sau ɗaya, wannan ba wata damuwa ba ce. Ga mai ƙera na'urar auna zafi ko bawul da zai buɗe ya rufe dubban sau, babbar matsala ce, domin amsar na'urar za ta dogara da inda ta fito, ba da zafin da take ciki kawai ba. 'Yar'uwarta PDEAAM, wadda take juyawa a wajen digiri 33 kuma ba ta da haidirojin da za ta bayar a kan amaid ɗinta, ba ta da wannan jinkiri sosai, kuma wannan yana daga cikin hujjojin da suka tabbatar da musabbabin.

Aibi na biyu ya shafi abin da ke cikin ruwan. Gishiri yana sauke matakin juyi, kuma ƙarfin saukewar yana bin jerin da Franz Hofmeister ya gano a 1888 game da furotin: salfet da fosfet sun fi kulorayid tasiri nesa ba kusa ba. Ruwan gishiri mai kama da na jini yakan sauke matakin da wajen digiri biyu, gishiri mai yawa kuwa yana iya sauke shi da fiye da digiri goma. Wani abin mamaki kuma shi ne PNIPAM tana narkewa a ruwa zalla, tana narkewa a methanol zalla, amma a gaurayensu sai ta dunƙule ko a sanyi. Wanda yake wanke kayansa da ruwan barasa na asibiti ya kamata ya san da wannan. Na uku, ɗanyen sinadarin da ake ƙulla sarƙar da shi yana da guba, don haka wanke ragowarsa wajibi ne, kuma ita kanta sarƙar jiki ba ya iya narkar da ita. A kan faranti wannan ba komai, tun da polimar tana nan a manne, amma ga abin da za a dasa a jiki, tambaya ce da hukumomin kula da magunguna ba za su tsallake ba.

Wadda ta fi cancanta a jera ta kusa da PNIPAM ita ce POEGMA, dangin polima masu gajerun rassa na etilin gilaikol. Jean-François Lutz, yana aiki a wata cibiyar Fraunhofer da ke Jamus, ya nuna a 2006 cewa idan aka haɗa gaɓoɓi iri biyu a sarƙa ɗaya, ana iya saita matakin juyi a duk inda ake so. Mai gajeren reshe, wato MEO2MA, ita kaɗai tana juyawa a wajen digiri 26. Mai dogon reshe kuwa sai wajen digiri 90. Idan aka sa kashi 5 cikin ɗari na mai dogon reshen, matakin yakan zo digiri 32, kashi 8 ya ba da 37, kashi 10 ya ba da 39, wato digiri ɗaya da ɗan ƙari ga kowane kashi ɗaya. Samun irin wannan miƙaƙƙiyar dangantaka ba ƙaramin sauƙi ba ne ga injiniya. Bugu da ƙari, tun da sarƙar ba ta da mai bayar da ɗaurin haidirojin, ba ta ɗaure kanta idan ta dunƙule, saboda haka tafiya da dawowa kusan a layi ɗaya suke. A sanyi kuma rassanta suna korar furotin da ƙwayoyin cuta kamar yadda aka san dangin PEG, wato polimar etilin gilaikol, da yi.

Sai dai wannan korar furotin ɗin tana da fuska biyu. Ko bayan ta tsuke, POEGMA tana riƙe da ruwa mai yawa, don haka sel ba su cika kama ta da ƙarfi kamar yadda suke kama siririn rufin PNIPAM ba, kuma wasu nau'o'in sel sai an ƙara musu abin da za su riƙa. Rassan nata kuma an haɗa su da gangar sarƙar ne da ɗaurin esta, wanda ruwa mai alkali ko mai asid sosai yake iya yankewa a hankali. Idan hakan ya faru, ragowar gaɓar tana ɗaukar caji, matakin juyi ya tashi, har ya ɓace gaba ɗaya. Gishiri ma yana sauke matakinta, ba ta kuɓuta daga wannan ba. Hukuncina a nan shi ne: inda ake bukatar daidaitaccen digiri, da maimaita juyi sau da yawa, da tsabtar fuska daga furotin, POEGMA ta fi, inda ake bukatar sel su kama da kyau sannan su saki, PNIPAM ce har yanzu a gaba.

PVCL tana juyawa a kusan wurin da PNIPAM take juyawa, amma halinta daban ne, domin matakinta yana bin tsawon sarƙa da yawanta a ruwa: gajeriyar sarƙa tana juyawa a zafi mai yawa, doguwa a ƙasa da haka, kuma tazarar tana iya kai wa digiri goma ko fiye. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin hanyar saitawa, amma yana nufin duk wani bambanci a haɗi zai bayyana a sakamako, kuma idan sarƙoƙin ba tsawonsu ɗaya ba, juyin zai bazu. Abin da yake jawo mutane gare ta shi ne amaid ɗinta yana cikin zobe, kuma naitirojin ɗinsa a jikin gangar sarƙar yake, saboda haka ko ruwa ya yanke shi ba ya sakin ƙananan sinadaran amin masu guba. Masana'antu sun daɗe da ita: tana cikin wasu kayan gyaran gashi, ana kuma zuba ta a bututun iskar gas don hana ƙanƙarar gas toshe su. Matsalarta ga mai yin rufi ita ce wahalar sarrafa girman sarƙarta daga kan bango, shi ya sa aka fi amfani da ita a siffar ƙananan ƙwayoyin jel.

Dangin polioksazolin suna ba da tsani mai faɗi: mai reshen furofil miƙaƙƙe tana juyawa a wajen digiri 25, mai reshen aisofurofil a wajen 36 zuwa 39, mai reshen etil sama da 60, mai reshen metil kuwa ba ta rabuwa da ruwa sam. Jiki yana jure su da kyau. Amma akwai tarko a mai reshen aisofurofil, wadda ita ce ta fi kusa da zafin jiki: idan aka bar ta sa'o'i masu yawa a sama da matakinta, sai ta fara daskarewa ta zama kiristal, kuma daga nan sanyi ba ya dawo da ita. Rufin da zai kwana a zafi bai kamata a yi shi da ita ba tare da an gauraya ta da wata gaɓar da za ta hana wannan ba. Haɗa su ma yana bukatar kayan aiki busassu ƙwarai, domin ɗigon ruwa yana kashe girman sarƙar.

Na asalin tsiro da wasu 'yan kaɗan ba sa bukatar dogon bayani. Haidiroksifurofil selulos tana juyawa a tsakanin digiri 40 da 45, tana da araha, ba ta da guba, amma juyinta a baje yake kuma ya danganta da yadda masana'anta ta sarrafa ta. Poloxamer 407 tana zama jel tun kafin a kai zafin jiki idan ta kai wajen kashi 20 cikin ɗari a ruwa, sai dai ruwa yana wanke ta, don haka ta fi dacewa da ɗaukar magani na ɗan lokaci fiye da rufi mai ɗorewa. Furotin masu kwaikwayon elastin, waɗanda Dan Urry ya yi dogon bincike a kansu, ana tsara su gaɓa-gaɓa ta hanyar ƙwayoyin bakteriya kuma jiki yana narkar da su, amma tsadarsu ta taƙaita su ga ƙananan ayyukan likitanci.

Wani lokaci aikin yana son akasin duk waɗannan, wato rufin ya buɗe idan zafi ya tashi, kamar inda ake son sakin magani a wurin da ya yi zafi. A nan sai a koma ga masu UCST, kuma gaskiya zaɓin ya fi ƙunci. Polisalfobetayin tana dunƙulewa a sanyi saboda cajin lantarkinta iri biyu masu kishiyantar juna suna jan juna, amma gishiri kaɗan yana shiga tsakaninsu ya rusa wannan jan, har juyin ya ɓace a ruwa mai gishirin jiki. PNAGA da haɗin akirilamaid da akirilonaitiril, waɗanda Seema Agarwal da Jan Seuring suka fito da halinsu a Jamus a farkon shekarun 2010, sun dogara ne da ɗaurin haidirojin, don haka sun fi jure gishiri. Rauninsu shi ne 'yan gaɓoɓi kaɗan masu caji, ko daga ƙazantar ɗanyen sinadari ko daga lalacewa a zafi, sun isa su kashe juyin. Wanda zai iya juya tsarin aikinsa ya yi amfani da mai LCST, gara ya yi hakan.

Duk alƙaluman da aka ambata zuwa nan na sarƙoƙi ne masu yawo a cikin ruwa. Da zarar an ɗaure kan kowace sarƙa a bango, lissafin ya sauya, kuma a nan ne ya kamata mai zaɓe ya fi tsayawa. Idan aka dasa sarƙoƙin a cunkushe, suna tura juna su miƙe tsaye, abin da ake kira buroshi. A cikin buroshi, ɓangaren da ke kusa da bango ya fi cunkoso kuma ruwansa kaɗan ne, saboda haka yakan fara tsukewa tun kafin a kai digiri 32, yayin da kawunan sarƙoƙin na waje suke nan a jiƙe har sai an kai matakin ko an ɗan wuce shi. Sakamakon haka, juyin da yake faruwa cikin digiri ɗaya ko biyu a kwalba yana iya bazuwa a kan digiri goma ko fiye a kan bango. Idan kuma aka dasa su jefi-jefi kuma gajeru ne, binciken da ƙungiyar Deborah Leckband ta yi a Jami'ar Illinois ta Amurka ya nuna cewa PNIPAM tana iya ƙin tsukewa a fili ko an haura matakin. Ke nan abu biyu masu suna ɗaya, polima ɗaya, suna iya ba da amsa mabambanta saboda tazarar da ke tsakanin sarƙa da sarƙa kawai.

Kauri ma haka yake. A kan farantin rainon sel, rufin da ya yi aiki kaurinsa wajen nanomita 15 zuwa 20 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Da ya kai wajen 30, sel suka ƙi mannewa ko a digiri 37. Dalilin shi ne robar da ke ƙasa mai gudun ruwa ce, tana taimaka wa sarƙoƙin da ke kusa da ita su bushe, kuma wannan tasiri yana raguwa da nisa, har saman rufi mai kauri ya kasance a jiƙe kullum. A kan gilashi, wanda yake son ruwa, sai an sirantar da rufin fiye da haka sosai. Wannan yana nuna cewa abin da aka shafa a kansa yana cikin lissafin, kuma girke-girken da ya yi aiki a kan roba ba lallai ya yi a kan gilashi ko zinariya ba. Akwai ma wani abin lura: sanyaya farantin fiye da kima ba ya hanzarta sakin sel, domin su ma suna bukatar kuzarinsu don janye jikinsu, kuma tsananin sanyi yana dakatar da wannan.

Hanyar ɗaurawa ita ce take yanke waɗannan abubuwa biyu, don haka zaɓenta daidai yake da zaɓen polimar. Tsiro da sarƙa daga kan bango ta hanyar ATRP, wadda Krzysztof Matyjaszewski da Mitsuo Sawamoto suka fito da ita kowa da kansa a 1995, ko RAFT da aka ƙirƙiro a cibiyar CSIRO ta Ostareliya a 1998, ita ce ta fi ba da iko a kan kauri da cunkoso. Farashinta shi ne aiki mai matakai da yawa, da kore iskar oksijin, da kuma ragowar tagulla a ATRP wadda take cutar da sel idan ba a wanke ta ba. Manna sarƙar da aka riga aka haɗa ya fi sauƙi, kuma ana iya auna polimar tun kafin a ɗaura ta, amma waɗanda suka fara mannewa suna tare wa na baya hanya, don haka cunkoson ba ya yawa. Hasken elektiron shi ne hanyar farantan kasuwa, ya dace da yawan samarwa amma injinsa mai tsada ne. Dasawa da filasma, wato iskar gas mai ɗauke da cajin lantarki, tana rufe kowace irin siffa, har da masu lunguna, sai dai ƙarfin da ya yi yawa yana farfasa molekul ɗin ya bar rufin da ba ya amsa zafi. Ƙananan ƙwayoyin jel, waɗanda Robert Pelton ya fara haɗawa daga PNIPAM a 1986, su ne mafi sauƙin shafawa: a tsoma ko a fesa. Ga wanda yake son rufe wuri mai faɗi da kuɗi kaɗan, da su zan fara, matuƙar ya tabbatar sun manne da kyau kuma wanki ba ya ɗauke su.

Siririn jel da aka ɗaure a bango ba ya iya kumbura sai ta sama kawai, saboda haka kumburinsa ya gaza na jel mai 'yanci, kuma idan ya yi kauri matsin da ke cikinsa yakan sa ya yamutse ko ya ɓare. Ta fuskar sauri kuwa, siriri ne mai riba: Toyoichi Tanaka da Fillmore sun nuna a 1979 cewa lokacin kumburin jel yana tafiya da murabba'in kaurinsa, wato idan aka rage kauri sau goma, lokacin ya ragu sau ɗari. Shi ya sa rufin nanomita yake amsawa cikin ƙiftawar ido, dunƙulen milimita kuwa yana ɗaukar mintuna ko sa'o'i.

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa wadda take bukatar gyara, cewa rufin yana komawa mai gudun ruwa idan ya yi zafi. A kan fuska mai santsi, sauyin matsakaici ne: a wani aiki na ƙungiyar Lei Jiang a Sin a 2004, kusurwar ɗigon ruwa a kan PNIPAM, wadda take ƙaruwa gwargwadon yadda fuska take gudun ruwa, ta tashi daga wajen digirin kusurwa 63 zuwa wajen 93, kuma sai da suka yi wa fuskar ƙananan ramuka sannan tazarar ta buɗe daga kusan sifili zuwa wajen 150. Ko a dunƙule, polimar tana riƙe da ruwa. Wanda yake son babban sauyi a jiƙuwa dole ya tsara kaushin fuskar tare da polimar.

Idan aka dawo kan ayyuka, rabe sinadarai a bututun kuromatogirafi fage ne da PNIPAM ta kafu a cikinsa tun daga aikin Hideko Kanazawa na 1996, inda aka raba sinadaran siteroyid da ruwa zalla ta hanyar sauya zafin bututun maimakon zuba sinadaran narkarwa. Tagogi masu dushewa da kansu idan rana ta yi zafi kuwa suna da nasu lissafin. Jel na PNIPAM ko na selulos yana tare hasken rana sosai saboda yana yin fari, amma daga lokacin ba a ganin waje, kuma dole a kulle shi tsakanin gilasai biyu don kada ya bushe, a kuma kare shi daga daskarewa. Sinadarin hana daskarewar shi ma yana gusar da matakin juyi. Abokin hamayyarsa, banadiyam dayoksaid, busasshen rufi ne da yake tare zafin da ido ba ya gani ya bar taga a buɗe ga kallo, amma juyinsa na asali a digiri 68 yake, sai an gauraya shi da tangistin kafin ya sauko, kuma yawan zafin da yake tarewa bai kai na jel ba. Rufin saman gini da ba a bukatar leƙawa ta cikinsa ya dace da jel. Tagar da ake son gani ta cikinta ba ta dace da shi ba.

Kowace aka zaɓa, gwajin da ya kamata a dogara da shi shi ne wanda aka yi a kan rufin kansa, ba a kan polima a kwalba ba. Elifsometa tana ba da kauri a cikin ruwa yayin da ake sauya zafi, na'urar QCM-D tana nuna yawan ruwan da rufin ya riƙe da laushinsa, kusurwar ɗigo kuma tana faɗin halin saman fuskar kawai, kuma ba abin mamaki ba ne ukun su ba da matakai daban-daban, tun da kowace zurfin da take gani daban ne. A yi awon a cikin ainihin ruwan da za a yi aiki da shi, da gishirinsa da furotin ɗinsa, a ɗaga zafin a hankali sannan a sauke shi da irin wannan saurin don a ga tazarar jinkiri, a maimaita sau da yawa gwargwadon rayuwar da ake so kayan su yi. Idan kayan na asibiti ne, a sake awon bayan an kashe musu ƙwayoyin cuta, domin tururi mai zafi yana iya yanke ɗaurin esta na POEGMA, hasken gama kuma yana iya ƙara ɗaure sarƙoƙi ko ya tsinka su, kuma kowanne daga cikin biyun yana sauya kumburin rufin da matakin da yake juyawa a kansa.